Zanen da Na Ara wa Auta

Har yau idan tsofaffin Nima suka ji ko ni wace ce, sai fuskarsu ta saki, su ce ashe ke ce yayar mai waƙar nan. Wasu har su gyara murya su rera mini abin da suka tuna, kuma kullum abu ɗaya suke tunawa. Nakan ce Allah ya jiƙanta, in wuce abina. Ba na gaya musu cewa akwai shekarun da ko gaisuwarta ba na amsawa, balle in gaya musu cewa ni ce na ba ta zanen.

Mu biyu ne a wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma: ni, sai ƙanwata da kowa ke ce wa Auta. Babanmu ya rasu ina da shekara goma sha huɗu, Auta tana da tara. Ya bar mu a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a birnin Akra, a gangaren unguwar Nima da ke kallon Mamobi, kusa da babbar kwatar da ta raba unguwannin biyu. Gidan babu irin mutanen da bai tara ba. Akwai Zabarmawa, akwai Mosawa da Kotokoli da Dagombawa, har da wata Bayarbiya mai sayar da tasoshi. Hausa ce ta haɗa mu, kowa yana yin tasa yadda ta zo masa a baki, in ta ƙare masa ya cika da yaren Tuwi ko na Ga.

Koko da ƙosai Mma take sayarwa a bakin hanya, kuma da shi ta rene mu. Aikin ba na ragwaye ba ne. A jiƙa gero, a wanke, a kai inji da citta da kanumfari da barkono, a dawo a tace da ƙyalle har hannu ya yi fari. Ga surfen wake, ga layin famfo da sai ka yi faɗa kafin ka cika bokiti. Da an idar da sallar asuba mun kafa tebur, leburori masu gangarawa cikin gari su tsaya su sha a tsaye. Mma tana da wani zane na aiki, shuɗi mai zanen ganye, wuta ta taɓa cin gefensa ta yi masa faci da jan ƙyalle. Duk Nima an san zanen nan, don tun daga nesa shi ake fara hangowa. Sai kuma tallarta. Takan dafa ƙugu da hannun hagu, ta ɗan karkatar da kai, ta ce koko da zafi, ƙosai na kuka a mai, ta ja ƙarshen maganar sama har ya karye. Ni ban taɓa jin wani daɗi a cikinta ba, talla ce kawai.

Ni ce 'yar aiki, kuma ba yabon kaina nake ba. Auta kuwa Allah ya kyauta. In ka ba ta tacin gero sai ka dawo ka tarar ta saki ƙyallen tana kallon yadda wata maƙwabciya ke ɗaura ɗankwali. In ka aike ta famfo sai ta dawo da rabin bokiti da muryar duk matan da ke layin. Tana iya yi maka mai gidan haya yana tambayar wa ya zubar da ruwa a ƙofa, ta juya ta zama Bayarbiyar nan tana rantsuwa, har ita Bayarbiyar ta riƙe ciki. Ga murya kuma. A gidan biki, in 'yan mata suka yi da'ira ana tafi, da ta ɗauki waƙa sai tsofaffi su bar hira. Ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Ni ce hannuna ke tsagewa da ruwan sanyi, ita ce ake kira a ba ta nama.

Da ta kai shekara goma sha shida Mma ta gaji, ta kai ta koyon ɗinki wurin wata mata a unguwar Adabraka. Ashe matar nan ita ke ɗinka wa wasu 'yan konsat kayan wasa. Konsat a lokacin shi ne abin kallon talaka: ƙungiya ce mai makaɗan hailaif, su yi kiɗa da waƙa, sa'an nan su yi wasan kwaikwayo mai ban dariya da 'yar nasiha a ƙarshe, suna yawo gari gari a babbar mota. Mata ba sa shiga. Maza ne ke ɗaura zane, su cusa tsumma a ƙirji, su maƙale murya su yi mata. Shugaban ƙungiyar ya zo karɓar ɗinki ya ji Auta tana rera waƙa a kan keke, ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama. An ce mini cewa ya yi ya gaji da mata masu gemu, nan take ya nemi ta shiga ƙungiyarsu.

Na ɗauka Mma za ta tsine mata. Maƙwabta ma abin da suke jira ke nan, don a zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, 'yar Musulmi a kan dandamali tare da masu ƙaho da jita, ai magana ta ƙare. Mma ta kwana biyu tana aikinta kamar kullum. A rana ta uku ta kira ta, ta ce ba ta so, amma ta san in ta hana ta za ta tafi a ɓoye, gara ta tafi da saninta. Ta kafa mata sharaɗi uku: ba giya, ba barin salla, ba cire ɗankwali a gaban jama'a. Iyakar sanina Auta ta riƙe ukun nan har ta mutu, kuma wannan ina faɗa ne don haƙƙinta.

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ƙasar tana cikin zumuɗi, kowa yana son sabon abu. Auta ta fara da amshi a bayan mawaƙa, sannu a hankali aka ba ta waƙa tata. Tana yi da Tuwi, tana yi da Ga, ta sa baiti ɗaya ko biyu na Hausa. Akwai wata da ta yi a kan matar da mijinta ya tafi aikin koko na gona a kurmi bai dawo ba, wadda in na ji har yanzu sai na nemi wurin zama. Aka buga ta a faifai. Ranar da aka sa ta a akwatin rediyon da ke rataye a shagon wani tela, Mma tana wucewa da buhun gero a kai, ta tsaya cak har aka gama, ta ce wa telan muryar yarinyar nan ba laifi, ta ci gaba da tafiya. Amma waƙar ba ta tashi sosai ba. Mawaƙa sun yi yawa, kuma shugabansu yana ta matsa mata cewa murya kaɗai ba ta cika ɗakin kallo, sai ta samo abin da za a yi dariya.

Wata ranar Talata da hantsi ta zo gida, Mma ta tafi inji. Ta ce, «Yaya, ara mini tsohon zanen Mma da ludayi ɗaya, jibi zan dawo da su.» Na tambaye ta na mene ne. Maimakon ta amsa sai ta ɗaura zanen a kan rigarta, ta dafa ƙugu da hagu, ta karkatar da kai, ta yi tallar. Wallahi sai da na waiga ƙofa, na ɗauka Mma ce ta dawo. Na yi dariya har na zauna a kan tabarma, hawaye na zuba. Na ninke zanen da hannuna na sa mata a jaka. Akwai wasu zannuwa a ɗakin, da na ba ta kowanne da wasan ya yiwu, amma sai na ga ai wannan ya fi kama. Da Mma ta neme shi washegari na ce ƙila an sace a kan igiya.

Ba a yi wata biyu ba sunan Auta ya cika Akra. Mai kokon zango, haka ake kiran wasan. Ta ɗauki tallar Mma ta sa mata kiɗan hailaif, masu ƙaho suna amsa mata daidai inda muryar ke karyewa. Aka buga faifai na biyu, wannan kam har a cikin torotoro, motocin hayar gari, direbobi na rerawa. A farko na yi murna, ƙarya ne in ce ban yi ba. Ciniki ma ya ƙaru, don wani ya gane zanen a kan dandamali, labari ya bazu cewa mai kokon gaske tana nan a Nima.

Sai abin ya juya. Mutanen da ba su taɓa taka Nima ba suka fara zuwa da safe, akawuna da 'yan makaranta masu farar riga, su sayi koko ba don su sha ba, su tsaya gefe suna jira. Da Mma ta buɗe baki ta yi talla sai su fashe da dariya, su tafa, wasu su amsa mata da ƙarar ƙaho da baki. Kwana biyu ba ta gane ba, har tana murmushi tana cewa yau mutanen gari sun tashi da fara'a. Yaran unguwa suka ɗauka, in ta wuce su dafa ƙugu su bi ta a baya suna tafiyarta. Ranar da abin ya ƙare, wani saurayi mai taye a wuya ya ajiye kofinsa, ya ce mata da Tuwi, tsohuwa sake yi mana, ba ki kai ta wasan iyawa ba. Na ɗaga ludayi zan kwaɗa masa, Mma ta riƙe hannuna. Bayarbiyar gidanmu ce ta zaunar da ita da rana ta yi mata bayanin komai, har da zanen.

Daga ranar Mma ba ta ƙara yin talla ba. Mako ɗaya ta yi tana zuwa tana zuba koko shiru, daga baya ta daina fitowa bakin hanya gaba ɗaya. Ta koma bayan gida wurin murhu tana suya, ni nake kaiwa in sayar. Matar da duk wanda ya wuce sai ta tambaye shi iyalinsa, matar da ta san wanda ke son sukari da wanda ba ya so, ta zama sai dai ka ji motsin matsami a bayan katanga. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta zagi kowa ba. Da Auta ta ji labari ta zo da gudu, Mma ta shige ɗaki ta ce in gaya mata tana salla. Ta sake zuwa, tana salla. Ta aiko da atamfa da buhun shinkafa, aka mayar. Ta turo limamin unguwa da wasu dattawa biyu, Mma ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta saurare su har suka gama, ta ce ita ba ta tsine wa kowa ba, amma kada a tambaye ta yafewa, don ba za ta faɗi abin da babu shi a zuciyarta ba.

Wannan kalmar ita ta tsaya wa Auta a wuya. Mu da muka tashi a zango mun san abin da ake nufi da uwa ta mutu ba ta yafe maka ba. Duk inda Auta ta je da maganar take kwana. Ta tare ni a kasuwa sau da yawa tana roƙona in sa baki, ni kuwa in sha mur in ce ai sai ta je masu tafi su yafe mata. Na fi Mma zafi a kanta nesa ba kusa ba, kuma yanzu na san dalili. Muddin ina zaginta, ba wanda zai tuna ya tambayi yadda zanen ya fita daga ɗaki.

Ita kuwa sana'a sai gaba. Sun je Kumasi da Takoradi da Tamale, sun ƙetara har Abijan da Lome. Ta yi sarauniya a wasa, ta yi marainiya, ta yi malamar asibiti. Da talabijin ya zo ƙasar tana cikin matan farko da aka gani a ciki, mutanen Nima suna cincirindo a tagar wani ɗan kasuwa don su hango ta. Har wani ɗan fim aka sa ta. 'Yan matan da suka shiga konsat bayanta, da yawa ita ta buɗe musu ƙofa, kuma sun faɗa. Amma duk inda ta hau dandamali, kafin ta kai rabin waƙa za a fara ihun mai koko. Ta gaya mini daga baya cewa ta yi ƙoƙarin ajiye wasan. A wani gari ta ƙi yi, aka jefe su da ɓawon lemo, aka kusa fasa musu ganguna, shugabansu ya ce mutum goma sha ne ke ci a bayan zanen nan. Sai ta ɗaura. Ni ban taɓa zuwa kallo ba, ko sau ɗaya. Na ce ƙafata ba za ta taka ba, kuma na cika.

Na sha tunani a kan wannan. Mutanen da ke dariyar ba duka mugaye ba ne. Wasu sun ga 'yar zango ce suna yi mata kallon da suka saba yi mana, mu masu gadi da dako da kwasar shara. Amma na haɗu da wata mata 'yar Ga da ta ce mini ita kuka take yi in ta ga wasan, don uwarta mai sayar da dokunu, tuwon masararsu, take gani. Ban san yadda abu ɗaya zai zama cin mutunci a nan, ya zama girmamawa a can ba. Abin da na sani shi ne ba a tambayi mai zanen ba.

Shekara shida aka yi a haka. Sai ƙafafun Mma suka fara kumbura, numfashi ya yi mata wuya, asibiti suka ba da magani suka ce a koma gida. Ta daina zama a murhu. Wata Alhamis bayan azahar ina shafa mata man zafi, ta ce in aika a kira Auta, kuma a ce ta zo da kayan. Na ce wane kaya. Ta dube ni ta ce, «Wanda kika ba ta.» Na ajiye man zafin. Ashe tun ranar da na ce an sace a igiya ta sani, don ba ta taɓa shanya zanen nan a waje ba.

Auta ta iso bayan la'asar, ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka. Mma ta ce ta tashi, ba kuka ta kira ta ba. Ta sa muka fito da ita tsakar gida muka jingina ta da bango, ta ce wa matan gidan kowa ta shiga ɗakinta, suka shige. Ta ce duk ƙasar nan an ga mai kokon nan ta wasa sai ita, tana so ta gani kafin ta tafi, kuma a yi mata shi yadda ake yi wa masu biya, kada a rage komai.

Auta ta ɗaura zanen. Facin nan ja ya koɗe. Ta jawo turmi ya zama tebur. Babu kiɗa, babu kowa, sai kaji. Tana farawa sai jikinta ya karɓa, na ga bayanta ya ɗan ranƙwafa, na ga Mma ta shekarun baya ta sauke tukunya daga kai, ta goge hannu a cinya, ta ɗiga koko a bayan hannu ta lasa. Mma ta ce ba haka take kama ludayi ba, a ƙasa take riƙewa. Auta ta gyara.

Sai ta yi wani abu da ban san yana cikin wasan ba. Kafin ta sallami mai saye na farko, ta ɗauko wani ɗan kofin silba, ta cika shi, ta waiga hagu da dama, ta tura shi ƙarƙashin tebur ta rufe da murfi. Ta miƙe ta leƙa hanyar da ke hawowa daga cikin gari, ta daɗe tana leƙe, sa'an nan ta juyo ta dafa ƙugu za ta fara talla.

Mma ta ɗaga hannu, Auta ta tsaya.

«Nan ma suna dariya?»

«Nan suka fi dariya, Mma. Suna cewa na saurayinta ne take ɓoyewa.»

«Ke kin san na wane ne?»

«Na Baba ne.»

Babanmu gadi yake yi a gidan wani Bature. Da safe in ya taso daga aiki ta wannan hanyar yake hawowa, kuma kofin farko nasa ne, Mma ba ta sayar wa kowa sai ta cire masa. Wannan na sani, ina yarinya na gani. Abin da ban sani ba shi ne ba ta daina ba bayan ya rasu. Auta ta ce tun tana 'yar shekara tara take ganinta tana yi kowace safiya, in rana ta ɗaga ta ba wani mabuƙaci ko ta shanye shi da sanyinsa. Ta ce ranar farko a kan dandamali ba ta shirya yin sa ba, hannunta ne ya yi da kansa, da ta ji an fashe da dariya sai ta kasa cirewa, kuma wannan ne abin da ba ta yafe wa kanta ba.

Mma ta gyara zama a jikin bango. Can ta ce ita a zatonta babu mahalukin da ya taɓa lura, shekara da shekaru, a bakin hanyar da ɗaruruwan mutane ke wucewa. Ta ce abin da aka yi mata ya yi ciwo, kuma har gobe da ciwonsa. Sa'an nan ta miƙa hannu ta kama gefen zanen ta jawo Auta kusa, ta ce, «Na yafe miki, duniya da lahira. Kin kalle ni.»

Auta ta kifa kai a cinyarta. Mma ta ɗago ta dube ni ta saman kanta, ba da faɗa ba, ta tambaye ni ko ni ban taɓa gani ba. Na ce ban taɓa ba. Ta ce ba komai, ke aiki ya yi miki yawa, ke ma na yafe miki zanen.

Ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, Auta tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta. Na yi shekara goma ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da matar nan a bakin hanya, ina alfahari cewa ni ce 'yar da ta zauna. Kowace rana in mun tashi nakan tsinci kofin a ƙarƙashin tebur, in yi tsaki in ce Mma ta fara mantuwa, in haɗa shi da sauran in wanke.